Karatuna na biyu na Pride and Prejudice

Daren jiya na kammala karanta Pride and Prejudice na Jane Austen karo na biyu, shekaru da dama bayan karatun farko da na yi masa ina ɗaliba. Wannan karon lissafin dukiya ne ya fi jan hankalina a kan soyayyar Elizabeth da Darcy.

Littafin ya fito a 1813. Mista Bennet, mahaifin Elizabeth, yana da 'ya'ya mata biyar ba namiji, kuma sharaɗin gadon gidan ya ce idan ya rasu, gida da gona sai su koma hannun ɗan'uwansa Mista Collins. Da na fahimci wannan sosai, sai na daina yi wa uwar 'yan matan dariya, domin duk surutunta da rashin kunyarta tsoron ranar da za a fitar da su waje ne. Haka ma Charlotte Lucas, ƙawar Elizabeth, wadda ta auri Collins tana da shekara 27 ba don so ba, yanzu ta fi kowa ba ni tausayi. Gwanintar marubuciyar ta fi fitowa a zance, inda mutum ke tona wa kansa asiri da bakinsa.

Sai dai duniyar littafin ƙarama ce. Sojoji suna cika wurin rawa alhali Ingila tana yaƙi da Faransa, amma yaƙin bai shigo labarin ba, masu aikin gida kuma da kyar ake jin muryarsu. Sauyin halin Darcy ma a ɓoye ya faru, ni kuwa na so in ga yadda girman kai ya bar shi.