Elmina, garin da aka sayar ba a tambayi masu shi ba

Ba zan ɓata muku lokaci da hanyar Accra zuwa Cape Coast ba, cunkoson Kasoa ne kawai da zufa a cikin trotro, motar hayarsu. Daga Cape Coast tasi ta sauke ni a Elmina da ke gaɓar tekun Ghana, ƙarnin kifi ya riga kowa yi min maraba. Kwale-kwale sun cika bakin tafkin Benya, kowanne da tutarsa da sunan da aka rangaɗa masa da fenti.

Tun kafin in kai ƙofar gidan kason Elmina, tsohon ginin Turawa da aka tsare bayi a ciki, wasu samari suka tare ni da fara'a, suka tambayi sunana. Da na fito sai ga sunan an rubuta a jikin ƙwaryar katantanwar teku, wai kyauta ce, amma a ba da na goro. Goron nasu sidi hamsin ne! Muka yi ta ja-in-ja, da ƙyar muka daidaita a goma. Kuɗin shiga ma na baƙo daban, na ɗan ƙasa daban, ECOWAS ɗin nan dai a takarda take.

Turawan Fotugal ne suka gina wurin a 1482, zinariya ta kawo su, cinikin bayi ya biyo baya. A 1637 Turawan Holan suka haura da igwa kan tudun da ke fuskantar ginin, suka yi ta ɓarin wuta har masu gidan suka miƙa wuya. Don kada wani ya yi musu irin wannan dabara, sai suka gina nasu sansanin a kan tudun, yana nan har yau. Cocin Fotugal da ke tsakar gidan kuwa suka mai da shi wurin ciniki. Ɗakin gwamna na sama, iska ta ko'ina. Kurkukun mata na ƙasa, ban iya minti biyu a ciki ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne 1872, lokacin da Holan ta miƙa garin ga Ingila kamar mai sayar da gona da 'yan haya a ciki. Mutanen Elmina ƙawayen masarautar Asante ne, ba su so. Sarkin Elmina Kobina Gyan ya ƙi yin mubaya'a, aka kore shi zuwa Saliyo, a watan Yunin 1873 kuma Ingila ta yi wa tsohon garin ruwan igwa. Filin da ke gaban gidan kason, da can gidajen mutane ne. A wannan gini aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896. Sai 1957 tutar Ghana ta hau.

Da la'asar na nemi masallaci a zango. Wani dattijo ya ji Hausata ya ce, "Ɗana, daga ina?" Na ce, "Daga Kano, Baba." Shi ke nan, ya hana ni zuwa masauki sai da na ci tuwo da miyar ayoyo da soyayyen kifi. Na zaro kuɗi, ya ɓata rai ya ce kada in sake. A Kano kifin nan sai mai albashi mai tsoka.

Washegari Talata ce, masunta ba sa shiga teku. Na leƙa maƙabartar Holan, na ga sunaye irin su Bartels da har yanzu wasu iyalan garin ke amsawa, na sayi kyafaffen kifi na kama hanyar Kumasi.