Yadda na koyi bambanta ƙashin dinoso da dutse

Ni direba ne a Garwa, a arewacin Kamaru. Da rani nakan kai masu binciken duwatsu Mayo Rey, wajejen Cholire, inda sawun dinoso, wato wasu dabbobin dā da suka ƙare tun miliyoyin shekaru, ke kwance a kan dutse, kuma tun shekarun 1980 ake tsintar haƙoransu a kwarin Kum. Tun ina jiransu a inuwa har na koma bin bayansu cikin busasshen rafi.

Abu na farko da malamin da ke jagorantarsu ya koya mini shi ne in dubi ƙasar kafin in dubi abin da na tsinta. Ƙashi yana zama dutse ne idan yashi ko laka suka binne shi, ruwa ya yi ta shigar da ma'adinai cikin ƙofofinsa. Don haka a dutsen yashi da na laka ake nema, masu shimfiɗa hawa-hawa. Na Kum sun haura shekara miliyan 100. Tsaunukan Rumsiki kuwa aman wuta ne ya haife su, duk kyansu ba za ka sami ƙashi a cikinsu ba.

Siffa ita ce ke yaudarar mutane. Yara kan tare mu da dunƙulallun duwatsu su ce ƙwai ne. Mafi yawansu ma'adinai ne suka taru a kan wani ɗan abu, ɓawo bisa ɓawo. Akwai kuma itacen da ya zama dutse, mai tsawo da nauyi, amma jijiyoyinsa sun miƙe, wani lokaci har da gurbin reshe.

Sai ka dubi inda abin ya karye. Ƙashi na gaske bayansa sumul ne, cikinsa kuwa ƙananan ramuka ne birjik, kamar kan ƙashin saniya idan mahauci ya sara. Dutse ciki da waje ɗaya ne. Na tambayi malamin, "Malam, to ƙashin jakin da ya mutu bara fa?" Ya ce, "Ɗauka ka ji, Alhaji. Wancan sakayau ne, wannan ya sha ma'adinai ya yi nauyi." Wasu kan ɗora shi a harshe, wai ramukan na kama danshi ya ɗan manne. Ni ban dogara da wannan ba, don busasshiyar laka ma tana mannewa.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu tonowa su zuba a buhu. Ƙashin da aka raba da shimfiɗarsa ya rasa rabin labarinsa, domin shimfiɗar ce ke nuna shekarunsa, kuma sauran gaɓoɓin na iya kasancewa nan kusa. Yanzu idan na ga wanda ya cika alamu, nakan ajiye makullin mota a gefensa don a gane girmansa, in ɗauki hoto, in adana wurin a waya, in tura wa malamin, in bar ƙashin a inda yake.