Wasiƙa daga Boston: Farfesar da ta kai ajinta Majalisar Dattawa

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ya gida, ya ƙoƙari? Akwai tsohon musun nan da ba ya ƙarewa a tsakaninmu: shin malamin jami'a yana da abin yi a siyasa, ko zamansa a aji ya fi masa mutunci? A jihar Massachusetts da nake zaune akwai wadda ta isa a yi wannan musu a kanta, wato Sanata Elizabeth Warren, wadda ta shafe fiye da shekara 30 tana koyar da shari'a kafin ta taɓa neman ƙuri'ar kowa.

An haife ta a Oklahoma a 1949. Tana shekara 12 mahaifinta ya kamu da ciwon zuciya, bashi ya taru, aka ƙwace motar gidan, mahaifiyarta ta fita neman aiki a kantin Sears a kan mafi ƙarancin albashi. Ta bar jami'a ta yi aure tana shekara 19, daga baya ta koma karatu, ta kammala digirin lauya a jami'ar Rutgers a 1976 da tsohon ciki. Ta koyar a jami'o'in Houston, da Texas, da Pennsylvania, sannan Harvard ta ɗauke ta dindindin a 1995.

Fanninta shi ne dokar karayar arziki. A Amurka, wanda bashi ya yi wa katutu yana iya zuwa kotu ya bayyana cewa ya gaza, alƙali ya duba abin da ya mallaka, a biya masu binsa gwargwadon abin da ya samu, a yafe masa saura ya sake sabon lale. Ita da bakinta ta ce da farko kallon macuta take yi wa masu zuwa kotun, mutanen da suka ci bashi suka yi wadaƙa suna neman hanyar zillewa. Sai ita da abokan aikinta biyu, Teresa Sullivan da Jay Westbrook, suka bi kotuna a Texas da Illinois da Pennsylvania suna karanta fayil ɗin mutane ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka tarar ya saɓa wa zatonta. Yawancinsu masu matsakaicin hali ne da ɗayan abu uku ya faɗa musu: an sallame su daga aiki, ko rashin lafiya, ko mutuwar aure. Sun fitar da sakamakon a littafi a 1989. Har zuwa 1996 sunanta na cikin rajistar jam'iyyar Rifablikan, daga nan ta sauya sheƙa zuwa Dimokurat. Wannan ne abin da ya fi burge ni a tarihinta, domin ba kowane farfesa ne takarda za ta ƙaryata shi ya yarda ba.

Ba kuma duk bincikenta ne ya tsira daga suka ba. Wanda ta yi da wasu likitoci a 2005, da ya danganta kusan rabin masu karayar arziki da rashin lafiya, masana tattalin arziki sun yi masa ca, wasunsu suka fito a 2018 da lissafin da ya yi ƙasa da wannan nesa ba kusa ba.

Karonta na farko da 'yan majalisa kaye ta sha. Bankuna da kamfanonin katin cin bashi sun daɗe suna neman a tsaurara dokar yafe bashi, ita kuma ta yi kusan shekara goma tana ja da su. A 2005 ta zauna gaban kwamitin shari'a na Majalisar Dattawa, suka yi sa-in-sa da Joe Biden, wanda a lokacin sanata ne daga Delaware, matattarar waɗannan kamfanoni. Dokar ta wuce da ƙuri'a 74 da 25. Hujja na hannunta, ƙuri'a na hannun wasu.

A 2007 ta rubuta maƙalar da ta sauya mata rayuwa. Ta ce hukuma ba za ta bari a sayar maka da na'urar gasa burodi mai iya kamawa da wuta ta ƙone maka gida ba, amma an bar banki ya ba ka bashin gida mai sharuɗɗan da za su iya jefa ka titi kai da iyalinka. Don haka a kafa hukumar da za ta sa ido kan bashi kamar yadda ake sa ido kan kaya. Shekara na zagayowa tattalin arziki ya rushe, kuma bashin gidaje ne sila. Aka naɗa ta shugabar kwamitin da ke bin diddigin dala biliyan 700 da aka ware don ceto bankuna, a 2010 kuma aka kafa hukumar da ta yi mafarki, wadda ake kira CFPB. Ita ta tara ma'aikatanta, amma Obama bai ba ta shugabancin ba, don 'yan Rifablikan sun nuna ba za su tabbatar da ita ba. Sai ta dawo Massachusetts ta tsaya takara a 2012, ta kada sanata mai ci, Scott Brown, ɗan Rifablikan, ta zama mace ta farko da jihar ta tura Majalisar Dattawa.

A majalisar, makaminta tambaya ce, irin ta malamin da ya tsare ɗalibin da bai yi bita ba. A zamanta na farko a kwamitin bankuna, cikin Fabrairun 2013, ta tambayi shugabannin hukumomin sa ido yaushe rabon su da gurfanar da wani babban banki gaban alƙali. Aka yi ta kame-kame. A Satumbar 2016 kuma shugaban bankin Wells Fargo, John Stumpf, ya faɗa hannunta, bayan an gano an buɗe asusu kusan miliyan biyu da sunan mutane ba da saninsu ba, an kuma kori ƙananan ma'aikata 5,300. Ta tambaye shi ko ya mayar da ko sisi daga abin da ya samu, ko ya kori babban jami'i ko ɗaya. Bai kai wata guda ba ya sauka. Tarar dala miliyan 100 daga cikin 185 da aka ci bankin, hukumar da ta ƙirƙira ce ta ɗora masa.

Amma idan kuka ce in lissafo dokokin da suka fito da sunanta, ba su da yawa. Akwai ta 2017 da suka yi da Chuck Grassley, ɗan Rifablikan, wadda ta ba masu matsalar ji damar sayen na'urar kunne ba sai da takardar likita ba. Tana cikin waɗanda suka matsa aka sa wa manyan kamfanoni harajin da bai gaza kashi 15 cikin ɗari ba a 2022. Harajin da ta so a ɗora wa masu dukiyar da ta haura dala miliyan 50 kuwa bai je ko'ina ba. Majalisa ce mai mutum 100 da yawancin dokoki ba sa motsi sai da 60, kuma mai tsare mutane da tambaya ba ya tara abokai da sauri. A ganina babban aikinta ta yi shi ne tun tana farfesa.

Ta kuma yi tuntuɓen da iliminta bai hana ba. Ta daɗe tana cewa tana da jinin 'yan asalin Amurka, a 2018 ta je ta yi gwajin jini don ta rufe bakin Trump da ke yi mata ba'a a kan hakan, sai ƙabilar Cherokee ta 'yan asalin Amurkan ta fusata, dole ta ba su haƙuri. Da ta nemi tikitin shugaban ƙasa a 2020, ta uku ta zo a jiharta.

Duk da haka mutanen nan sun sake zaɓenta a 2018 da 2024. Hukumar CFPB ta ce ta dawo wa jama'a fiye da dala biliyan 20, amma a Fabrairun 2025 gwamnatin Trump ta umarci ma'aikatanta su dakatar da aiki, magana ta tafi kotu. Warren ce babba a cikin 'yan Dimokurat na kwamitin bankuna a lokacin, sai dai jam'iyyarta ba ta da rinjaye. Abin da ta iya yi shi ne ta rubuta wasiƙu, ta yi tambayoyi, ta kuma je ƙofar ginin hukumar ta tsaya tare da masu zanga-zanga.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Naku,
daga Boston