Kafin ka biya kuɗin makarantar likita, je ka ƙirga gadajen asibitinta

Shekaranjiya ɗan yayata ya shigo min da wayarsa bakinsa har kunne, wai Kawu ga makarantar da ta ɗauke ni. Na karɓa na duba. Bidiyo ne, gini na gilashi tun daga ƙasa har sama, ɗalibai cikin fararen riguna kowa na murmushi, ga wani mutum-mutumin roba a kan gado ana danna masa ƙirji. Na ce to ina asibitin? Ya ce wane asibiti. Na ce asibitin koyarwarsu mana, gado nawa ne a ciki, kuma nasu ne ko aro suke yi? Ya ɗan yi shiru, can ya ce ai Kawu wannan sai an kai aji huɗu. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don irin amsar da na ba mahaifina ke nan lokacin da nake kamarsa.

Ni ma makarantar kuɗi na yi, ba sai na kira sunanta ba. Sau biyu ina neman gurbi a ta gwamnati ban samu ba, abokan karatuna duk sun wuce sun bar ni a gida, to da wannan ta ce in zo ban tsaya tambayar komai ba, kuma har yau in na tuna halin da nake ciki a lokacin ba na iya ganin laifina gaba ɗaya, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shekarun farko lafiya lau, littafi ne da allo, sai dai mun fi ashirin a kan gawa ɗaya, in kana baya sai dai ka ji ana cewa ga jijiyar nan. Da muka kai shekarun asibiti ne asiri ya tonu. Makarantar ba ta da asibitin kirki, a mota ake kwasarmu zuwa wani asibiti da aka yi yarjejeniya da shi, likitocin can ga nasu aikin ya sha musu kai, mu kuma kamar baƙin da ba a gayyata ba.

Na daɗe ina ɗora wa makarantar laifin komai, kuma tana da nata kason. Amma gaskiya ɗaya ce. Akwai wani dattijon likita a wurin da yake son koyar da mu tsakani da Allah, wata rana ya aiko a kira mu mu zo mu taɓa cikin wani bawan Allah da saifarsa ta kumbura, ya ce irin wannan sai hannu ya ji ta yake ganewa. Ban je ba. Ina ɗaki ina haddar tsofaffin tambayoyin jarrabawa, a lissafina maki ake gani a takarda, saifa ba ta fitowa a sakamako. Kuma na ci jarrabawar, shi ya sa ban gane ina cutar kaina ba. Binciken shekarar ƙarshe kuwa kunyar faɗa nake ji, takardun tambayoyin da ya kamata majinyata su amsa, wajen rabinsu ni da abokin ɗakina muka cike a dare ɗaya. Kowa haka yake yi, malamin da ke duba mu bai taɓa tambayar ina ainihin takardun ba. Wannan uzurin na riƙe shekaru, amma hannuna ne ya rubuta ƙaryar.

Ranar da na biya bashin ina shekarar horo bayan kammalawa. Cikin dare aka kawo wata yarinya gudawa ta tsotse ta, ido ya faɗa, ana buƙatar ƙarin ruwa nan take. Na soka allura sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ban samu jijiya ba, uwar tana tsaye tana kallon hannuna yana rawa. Wata nas ta matso ta ce a hankali, likita bari in gwada, ta samu a karo ɗaya. Yarinyar ta rayu alhamdulillahi. Ni kuwa har gobe ina ganin idon uwar nan.

Sai daga baya na karanta tarihin abin na ga matsalar tsohuwa ce. A 1910 wani malami mai suna Abraham Flexner, wanda shi kansa ba likita ba ne, ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likita 155 a Amurka da Kanada. Da yawansu kasuwanci ne kawai, in kana da kuɗin biya an ɗauke ka, babu ɗakin gwaji na kirki, babu majinyata. Cikin shekarun da suka biyo baya kusan rabinsu an rufe ko an haɗe su da wasu. Ba na wanke rahoton, don ya jawo rufe biyar daga cikin makarantu bakwai na baƙaƙen fata, Howard da Meharry ne kaɗai suka tsira, wannan zalunci ne. Amma abin da ya fi taɓa ni, makarantar da ya ɗauka a matsayin abin koyi ita ma mai zaman kanta ce, Johns Hopkins a Baltimore. Asibitinta aka fara buɗewa a 1889, makarantar sai 1893, wato majinyata sun riga ɗalibai zuwa. A can wani babban likita mai suna William Osler ya riƙa jan ɗalibai zuwa bakin gadon mara lafiya, yana ganin mai karanta littafi ba majinyaci kamar matuƙin jirgin ruwa ne da bai taɓa shiga teku ba. A can kuma a 1916 wani ɗalibi ɗan aji biyu, Jay McLean, ya yi aikin da ya kai ga gano heparin, maganin hana jini daskarewa da har yau muke amfani da shi. Ɗan aji biyu fa. Ni a shekarar ƙarshe ina cike takardun ƙarya.

Na zauna da niyyar rubuto muku shawara goma, yanzu na ga ba su kai ba. Ka je asibitin da ƙafarka kafin a biya ko kwabo, da safe, ka ga ko akwai layin majinyata, ka tambayi ɗalibin aji biyar haihuwa nawa ya karɓa da hannunsa. Ka bincika ko hukumar da ke ba likitoci lasisi a ƙasarku ta amince da makarantar, da kuma ɗalibai nawa ta yarda ta ɗauka, sannan ka nemi sunanta a kundin makarantun likita na duniya da ke intanet, minti biyar ne, ku da kuke kwana kan waya amma wannan ya gagare ku. In babu asibiti kar ka shiga, ko da za ka ƙara shekara a gida. Ko da yake ni ban iya jira ba, kuma na san ciwon jiran, in har ka riga ka shiga to kar ka fita, ka manne wa nas-nas da duk likitan da ya kula ka, ka roƙi a bar ka ka kwana a ɗakin gaggawa. Kuma kar ka ƙirƙiri lamba ko ɗaya a bincike, ko mutum goma ka samu ka rubuta goma.

Abin da ke ƙona min rai da ku shi ne gaggawar farar riga da hoto, tun ba ku san inda hanta take ba an rataya abin sauraron ƙirji a wuya an sa a Instagram. Ɗan yayata ma da na gama masa duk wannan bayani cewa ya yi Kawu zamani ya canja, yanzu da kwamfuta ake koyon komai. Na ce kwamfuta ba za ta nemo maka jijiyar yaron da ruwan jikinsa ya ƙare ba. Na gaya wa uwarsa kar ta tura kuɗin tukuna, ranar Litinin ni zan kai shi asibitin da kaina mu ƙirga gadajen.