Yadda na ƙona sabon elimen ɗin hita da hannuna

Har yau in na tuna safiyar Talatar nan sai raina ya sosu, don abin da ya ci min kuɗi bai wuce haƙurin minti biyar ba.

Maiɗakina ta haihu a tsakiyar watan Yuli, lokacin da ruwan Legas ba ya ɗaukewa, a kwana ana yi a tashi ana yi. Surukata ta taso tun daga Katsina saboda wankan jego. Gidan da muke haya a Agege bene ne, muna hawa na biyu, ba tsakar gida balle a girka tukunya a murhu kamar yadda aka saba a gida, don haka hitar banɗaki ce ta ɗauke mana nauyin, wata 'yar lita 30 da muka tarar a gidan. In zan fita sallar asuba na kunna, kafin gari ya gama wayewa ruwa ya yi zafi, Hajiya ta tara a bokiti ta haɗa da wanda ta tafasa da ganyen darbejiya a kan gas. Kwana goma sha ɗaya muna haka lafiya lau.

Ranar Litinin na dawo daga masallaci na tarar da Hajiya tsaye bakin banɗaki da bokiti. Ba ta ɗago ta dube ni ba, ta ce da 'yarta, "Ki gaya wa Malam ruwan nan fa sanyi ƙalau yake fitowa." Kunya ta rufe ni wallahi. Mace ta baro gidanta da jikokinta ta zo yi maka hidima, ruwan zafi kawai ka kasa tanada.

Na duba suwic ɗin bango, jar wutarsa na ci. A nan na fara ɓata lokaci, don na ɗauka tunda ja ya kama to hita na aiki. Ashe wannan 'yar fitilar abin da take nunawa kawai shi ne wuta ta iso suwic, ba ruwanta da abin da ke faruwa a cikin hitar. Na leƙa mita na ga ba ta wani gudu, alhali hita mai wat 1500 in tana ja sai ka ga fitilar mita na ƙiftawa da sauri. Na kashe bireka, na kwance murfin robar da ke ƙarƙashin hitar, na sami ɗan maɓallin nan na jikin tamostat da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, na danna shi da tsinken ashana ya ce ƙas. Na yi murna, na mayar da wuta, muka jira awa guda. Sanyi.

Sai na kira wani yaro mai gyaran wuta a layinmu. Ya zare wayoyi ya ɗora mitarsa ta gwaji a kan ƙafafun elimen, wato ƙarfen da ke zafafa ruwa a cikin hitar, ba ta nuna komai ba. Ya ce in da lafiyarsa zai nuna wajen 35, wannan ya tsinke a ciki. Ya ce in sayo sabo, shi yana da aiki a Ogba sai jibi zai samu zuwa. Jibi kuma? Da mai jego a ɗaki?

Na zubar da ruwan da ya rage a ciki, ban ma lura da cewa ɗan kaɗan ne ya fito ba, da na lura da na gane komai tun a lokacin. Na ciro tsohon elimen, ya kumbura ya tsage a gefe, jikinsa duk jan tsatsa da wani farin ɓawo irin na ruwan bohol. Na saka shi a leda na tafi da shi shagon kayan famfo don a ba ni daidai shi. Kuɗin ya kai cefanen kwana huɗu a gidana. Da dare na ɗaura shi da kaina, na sa sabuwar robar bakin, na ɗaure notuna, na mayar da wayoyi yadda na ɗauki hotonsu a waya. Aikin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba.

Da asuba aka kawo wuta. Ina sauri kar a ɗauke, ina sauri in fita kunyar Hajiya, na buɗe famfon da ke shigar da ruwa, ina jin ƙarar ruwa ya fara shiga sai kawai na danna suwic. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji wani wari kamar an bar tukunya ba ruwa a kan wuta, sai wata 'yar ƙara, bireka ya faɗi. Na tsaya cak riƙe da ƙofa. Elimen an yi shi ne ya zauna a nutse cikin ruwa, ruwan ne ke kwashe zafin, in ya ci wuta a busasshiyar tukunya nan take yake ƙonewa. Na san wannan fa, na sha ji. Gaggawa ce kawai. Abin da ya kamata in yi shi ne in buɗe famfon ruwan zafi in bar shi ya yi ta tari yana fitar da iska har sai ruwa ya zubo a miƙe ba yankewa, sannan in taɓa wuta. Lita 30 minti nawa za ta ɗauka ta cika? Kuɗin cefanen kwana huɗu, a minti ɗaya.

Ranar gas ya sha aiki. Tukunya uku aka tafasa safe, uku yamma, ni nake ɗaukowa daga kicin. Hajiya ba ta ce komai ba, sai da yamma ta ce, "Allah ya sa iyakarta ke nan." Na ce amin, amma abin na ci na.

Laraba na sake sayo wani, wannan karon na haƙura na jira wani dattijo mai gyaran famfo da maƙwabcina ya haɗa ni da shi. Kafin ya taɓa komai ya tambaye ni, "Alhaji, tankinku na sama ya taɓa ƙarewa kwanan nan?" Na ce eh, daren Lahadi, ba a tura ruwa ba don ba wuta. Ya kwance ɗan bawul ɗin da ke kan bututun ruwan sanyi a gindin hitar ya nuna min, tsatsa ta cinye cikinsa ya maƙale a buɗe. Aikinsa ya hana ruwan hita komawa baya. Da tanki ya ƙare aka yi ta buɗe famfo a kicin, sai ruwan hitar ya sulale ta nan, ni kuma na zo da asuba na kunna wa wofi wuta. Kenan elimen na farko ma abin da ya kashe shi ke nan, kuma da na sa sabon daidai ma, wani daren da tanki ya ƙare zai sake tafiya. Bawul ɗin ko rabin kuɗin elimen bai kai ba.

Ya canza shi, ya cika hitar a gabana, muna tsaye famfo na ta feshin iska da jan ruwa har ya washe, sannan ya ce kunna. Ya kuma duba wayar at, wato wadda ke kai wuta ƙasa in ta zube a jikin hitar, ya ɗaure ta da kyau, ya ja min kunne cewa a kashe suwic kafin kowa ya shiga wanka. Bayan kamar awa ɗaya na tara hannu sai da na janye.

Yanzu kullum da asuba sai na fara buɗe famfon zafi na ga ruwa na zuba sosai kafin hannuna ya kai kan suwic, na kuma manna takarda a jikinsa na rubuta hakan da Hausa saboda ƙanwar maiɗakina da ke taya su aiki. Elimen ɗin da na ƙona yana nan cikin ledarsa a saman durowa, ko ƙura bai gama yi ba. Saura kwana tara su yi arba'in.