Aji a cikin kwale-kwale: tafiyarmu dausayin Hadeja da Nguru

Takardar gayyatar cewa ta yi bita ce ta ƙara wa juna sani ga malaman kimiyya na ƙaramar sakandare, a kan ruwa da kula da muhalli, kuma kowa ya taho da takalmin roba. Maganar takalmin nan ce ta ja ni. Bitar da muka saba ai zaman ɗakin taro ce: a raba biro da littafi, a ci shinkafa, a sa hannu a takardar kuɗin mota, a watse.

Bayan sallar asuba muka bar Kano, tsakiyar hunturu, hazo ya rufe hanya. Muka sha shayi a Gujungu, muka yi azahar a Hadeja, la'asar sakaliya ta same mu a Nguru, garin da layin dogo ya tuƙe. Duk hanya ƙasa ta bushe ƙayau, sai goruba da karan gero. Shi ya sa da muka ɓulla bakin tafkin Nguru, ruwa shimfiɗe iya ganinka, motar ta yi tsit.

Malamar da ke jagorantarmu ba ta bari mun huta ba. A bakin ruwan ta zana taswira da tsinke a kan yashi. Ga kogin Kano da na Challawa sun haɗu sun zama kogin Hadeja, ga kogin Jama'are ya gangaro daga tsaunukan Jos, ga inda suke bazuwa cikin fadamu kafin su tattaru wajen Gashuwa su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Chadi. Sai ta ɗora duwatsu biyu can sama. Ɗaya madatsar Tiga ce ta 1974, ɗaya ta Challawa ta 1992. Ta dube mu, mu 'yan Kano, ta ce, "Malamai, ruwan da kuka yi alwala da shi yau da asuba, da an bar shi, nan zai zo."

Washegari tun duku-duku muka shiga kwale-kwale. Kayan aikin da aka raba mana babu wanda ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta. Akwai murfin tukunya da aka shafa wa fenti baƙi da fari aka ɗaura masa igiya, ana zura shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, tsawon igiyar da ya nutse shi ne ma'aunin garai-garan ruwan. Akwai 'yar takarda mai sauya launi don gane tsamin ruwa, da ma'aunin zafi, da rariyar tankaɗe da aka ɗaure a sanda, da farin faranti.

A farantin nan na fi daɗewa. Na kwarfo laka daga gindin bado na juye, da farko ban ga komai ba sai ƙazanta. Da ruwan ya kwanta sai abubuwa suka fara motsi. Ga wani ƙwaro mai manyan idanu yana rarrafe, ashe ɗan mazari ne kafin ya yi fiffike. Ga 'yan mitsi-mitsin katantanwa manne da ganye. Malama ta ce idan faranti ya cika da halittu iri-iri, ruwan na da lafiya, idan kuwa jajayen tsutsotsi ne kaɗai suka yi yawa, to iskar da ke narke a ruwan ta yi ƙaranci, mai yiwuwa ƙazanta ta yi masa yawa. Katantanwar kuma ta hana mu taɓa ta da hannu, domin irinta ce ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Nan na gane amfanin takalmin.

Dattijon da ke tuƙa mu yana jinmu bai ce uffan ba, sai da aka zo bayanin cewa iskar cikin ruwa ta fi ƙaranci da asuba, saboda tsirrai sun kwana suna shaƙa ba sa fitarwa. Ya yi murmushi ya ce ai shi ya sa karfasa ke tasowa sama tana haki kafin rana ta fito, tarwaɗa kuwa ko a jikinta, ita da gaiwa suna iya shaƙar iskar waje. Na ce, "Baba, a wace makaranta aka koya muku wannan?" Ya nuna ruwan da gorarsa.

Shi ne kuma ya kai mu ga kacala. Ciyawa ce doguwa, ta fi mutum tsayi, ta yi cunkus har kwale-kwale ba ya ratsawa sai ta 'yar hanyar da masunta suka sare da lauje. Ya ce yana yaro ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya wanke magudanai, da rani kuma ya ja baya ƙasa ta tsage, a shuka abin da za a shuka. Yanzu madatsun ruwa sun rage ambaliyar damina, suna kuma sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ƙasa ba ta bushewa, abin da kacala ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, ruwa ya karkata ya cinye gonakin wasu, wasu kuma can gaba ko ɗigo ba ya isa gare su. A cikin kacalar tsuntsayen jan-baki ke kwana, gari na wayewa su faɗa wa shinkafa da gero. "Malam," in ji shi, "mu ruwa ya yi mana yawa, 'yan'uwanmu na gabas ƙishi suke ji, kuma kogi ɗaya ne."

Shekara da shekaru ina zana wa yara zagayen ruwa a allo, girgije da kibiya da teku, alhali yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba. Wannan labarin na kacala ya ƙunshi duk abin da manhaja ke nema, daga rayuwar tsirrai har tasirin ɗan'adam a muhalli, ga shi kuma da sunayen garuruwan da yaran suka sani.

Mun leƙa Dagona, matattarar tsuntsaye da ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin tafkin Chadi, inda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. Lokacin baƙin tsuntsaye ne da ke gudo sanyin Turai, sun cakuɗu da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe. Saboda su ne aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2000. Wurin ya yi kyau, amma ba mu jima ba, kuma ni hankalina na kan farantina.

Daren ƙarshe aka ce kowa ya tsara darasi ɗaya da zai koyar da ruwan da ya fi kusa da makarantarsa. Nan gardama ta kaure. Wata malama ta ce aji mai yara fiye da ɗari, wa zai kwashe su zuwa bakin kududdufi, in ɗaya ya zame wa zai amsa? Gaskiya ta faɗa, kuma babu wanda ya iya ba ta amsa mai gamsarwa. Abin da aka tsaya a kai shi ne malami ya ɗebo ruwan a bokiti ya kawo aji, yara su duba rukuni-rukuni, su rubuta abin da suka gani kowane wata don a kwatanta rani da damina.

Ni na zaɓi ruwa biyu: na rafin Jakara, wanda ke kwashe dattin birni, da na kogin Challawa sama da inda masana'antun fata ke zubar da nasu. Murfin tukunya da rariya duk akwai a Kasuwar Kurmi. Abin da ya rage shi ne safar hannu ta roba, da shawo kan shugaban makaranta ya haɗa mini darasi biyu a jere ranar Laraba, don minti arba'in ba ya isa laka ta kwanta a faranti har a ƙirga abin da ke ciki.