Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Kishiyar da Ba Ta da Ɗaki

Makon jiya mun tsaya a inda aka yi sunan Auta babu ubansa a gida, ƙaninsa ne ya yanka rago ya raba goro. Na san da yawa za su ce wane irin aiki ne zai hana mutum sunan ɗansa. To yau zan faɗi aikin, in kuma faɗi abin da ya yi wa aurena.

Kudu da garinmu Garwa akwai manyan gandun daji uku na gwamnatin Kamaru: Binuwai, Faro da Buba Njidda. Cikin gandun ba a harbi. Amma dajin da ya kewaye su an yanka shi yanki-yanki, gwamnati tana ba da haya ga masu sansanin farauta, yawancinsu Nasara. Su ke kawo baƙi daga Faransa da Amurka da sauran ƙasashe, kowa ya biya kuɗin dabbar da zai harba. Ana buɗewa a watan Disamba, ba a rufewa sai damina ta kawo kai. Baƙo ya yi kamar mako biyu ya koma ƙasarsu, wani ya sauka. Ma'aikata kuwa suna nan daga farko har ƙarshe.

Baban yara mai bin sawu ne. Ubansa maharbi ne, a hannunsa ya koyi karatun ƙasa tun yana ɗan yaro. Ba shi ke harbi ba, shi ke kai mai bindiga inda dabba take. Ɓauna, gwanki, kanki, duk ana nema, amma abin da ke ɗauko Nasara daga ƙasarsu shi ne wadda Fulani ke kira yamusa. Ta fi gwanki girma nesa ba kusa ba, ƙahonta murɗaɗɗe, jikinta da zane-zane fari. Ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tana tafe tana karya rassan doka da ƙaho tana cin ganyen, shi kuwa yana biye a ƙasa tun asuba. In ya tsinci reshen da ta karya, sai ya taɓa bakin karayar ya ji ko ruwan itacen ya bushe, ya murza kashinta a yatsa, daga nan ya san tazarar da ke tsakaninsu. Wani lokaci a wuni ana tafiya cikin zafin Maris, iska ta juya, garke ya ji warin mutum ya watse, gobe a sake daga fari.

Duk wannan a bakinsa na ji, don in yana ba da labarin daji ne kawai nake ganin haƙoransa. Ya kan tashi tsaye a tsakar gida ya nuna wa yara yadda yake rugawa da wuƙa in dabba ta faɗi, don ya yanka ta kafin rai ya fita ma'aikata su samu naman halal, Bature yana bayansa yana ihu kada ya ɓata masa fatar wuya, domin kai da wuyan zai kai gida ya rataye a bango. Har sun daidaita yana yankawa can ƙasa kusa da ƙirji. Yara su yi ta dariya. Ni ina bakin murhu ina kallon mutumin da tun safe bai ce mini kanzil ba.

A shekarun farko na ɗauka talauci ne ke kai shi, shi ya sa ban yi ƙorafi ba. In ya dawo yakan zo da buhun banda da kyautar da baƙi suka ba shi, a yi wa yara ɗinki, a biya bashin mai shago. Kafin a yi girbi kuɗin sun ƙare, man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da nake yi su ke riƙe gidan. Da a ce lissafin kuɗi ne, da tuni ya bari. Daji ya zame mini kishiya, kishiyar da ba ta da ɗaki a gidan amma ita ke da rabin shekara cur, sauran rabin ma da tunaninta yake kwana. Da damina zai zauna a zaure yana goge takalminsa na tafiya, takalmin da ba zai sa ba sai bayan watanni. Ko gona muka je, sai in gan shi ya sunkuya yana duba sawun akuya.

Akwai wani dattijon Bafaranshe da ba ya fashin zuwa, kuma in ya zo ba ya yarda kowa ya bi masa sawu sai Baban yara. Wata shekara ya zo da matarsa. Ba ta jure zaman sansani ba, aka dawo da ita Garwa ta jira jirgi, Baban yara ya rako ta. Ita ta ce tana son ganin iyalinsa. Na shimfiɗa mata tabarma, na dama fura. Faransancina na cefane ne, babbar 'yata da ke makaranta ita ta tsaya tsakaninmu.

Ta dube ni ta ce, "Ke ma haka yake yi miki?"

Na ce wa yarinyar ta tambaye ta me take nufi. Ta ce mijinta daga ranar da ya sauka gida yake fara lissafin dawowa. Falonsu ya cika da kawunan dabbobi har ta daina kiran ƙawayenta. An yi mata aiki a asibiti a watan Janairu, ya zauna a gefen gadonta yana waya da mai sansani. Ta ce ta biyo shi ne don ta ga abin da idonta, ko za ta gane. Abin da ta gani shi ne mijinta tsoho, gwiwa na ciwo, yana tashi kafin asuba da fara'ar da ba ta taɓa gani a gidansu ba. Tana faɗa tana share ido da bakin mayafin da na yafa mata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ita mijinta kuɗi yake zubarwa ya je, ni nawa biyansa ake yi, amma abin da ke cin su ɗaya ne, kuma mu biyun aka bari da gida.

Sai shekarar 2012 ta zo. A farkonta ne mahaya dawakai ɗauke da bindigogin yaƙi suka ƙetaro ta Chadi, aka ce daga Sudan suke, suka shiga Buba Njidda suka kashe giwaye ɗaruruwa saboda haure, har sai da gwamnati ta tura soja. A rediyo na ji. Inda Baban yara yake babu sabis ɗin waya, sai in wani ya fito gari sayen kaya ya kawo saƙo. Allah kaɗai ya san yadda na kwana a watannin nan. Da ya dawo ya rame, ya ce sun ga gawarwakin giwaye an sare musu fuska, ungulu sun ƙoshi sun kasa tashi. Ya yi kuka, abin da ban taɓa gani ba. A daren na durƙusa na ce, "Malam, don girman Allah ka dubi yaran nan." Ya ce ya bari.

Kuma ya bari ɗin. Yayana ya ba shi jari, ya kama rumfar hatsi a kasuwa. Disamba ta zo ta wuce yana gida, na yi sadakar waina don godiya. Amma in faɗi gaskiya, wannan ranin ya fi kowanne tsawo a gare ni. Mutum ya daina cin abinci sosai. Abu kaɗan ya hau yara da faɗa. In hunturu ya kaɗo da warin ƙunar daji, sai ya fita ƙofar gida ya tsaya yana fuskantar kudu. A kasuwa maƙwabtan rumfarsa suka gaya wa Yayana wai mai saye zai tsaya yana sallama, shi yana can ya tara yara yana ba su labarin ɓauna. Na kai kuka wurin mahaifiyarsa. Ta ce, "Ɗiyata, ubansa ma haka na zauna da shi. Sabo turken wawa." Na so ta ce za ta yi masa magana. Ba ta ce ba.

A watan Fabrairun 2013 'yan Boko Haram suka sace wani iyali na Faransawa kusa da Waza, can arewa da mu. Na tausaya musu matuƙa, da yara ƙanana a cikinsu. Baƙi da yawa suka fasa zuwa, na ce a raina ko ya so komawa yanzu babu wanda zai bi wa sawu.

Ƙarshen shekarar, muna cin tuwon dare, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya tashi ya fita zaure. Na ji yana Faransanci, muryarsa ta canza. Dattijon nan ne zai zo, duk da tsoron da ake ciki, duk da roƙon matarsa, kuma ya ce a nemo masa mai bin sawunsa. Baban yara ya dawo ya zauna, ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce, "Wannan karon kaɗai. Mako biyu." Na ce, "Rumfar fa? Jarin Yaya fa?" Ya ce ƙaninsa zai kula.

Da asuba mota ta tsaya a ƙofar gida. Ban fita rakiya ba. Mako biyu suka cika, wata ya cika, babu shi babu saƙo. Ranar da Yayana ya zo ya gaya mini ya tarar da rumfa a kulle, ranar na goya Auta, na ɗaure kayana a zane na nufi gidanmu. Abin da Baffa ya ce da ya gan ni da kaya a ƙofar zaure, da wanda aka tura daji ya kira Baban yara, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.